Wa Ya Ɗinke Musu?

Duk wanda ya saba bin layinmu ya san shagon ɗinkin da ke tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Ba don ɗinkinmu ya fi na kowa ba, ko da yake ya fi ɗin, sai don a nan ne ake jin wata mata tana taka keke tana karatu da ƙarfi cikin yaren da babu mai jin sa a layin. Matar nan yayata ce. Ni ce ƙanwarta ta ƙarshe, kekena yana bakin ƙofa, nata yana can ciki jikin taga, kuma tun ina budurwa ake kirana Almakashi, wai saboda bakina.

Yaya gajeriya ce mai faɗin kafaɗa. Tabarau biyu take sawa, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, kuma kullum tana cikin neman na goshin. Tef ɗin awo ba ya barin wuyanta, har coci ta taɓa shiga da shi. Ba ta da faɗa ko kaɗan, ni na kwashe nata rabon, amma Allah ya ɗora mata wata jarraba guda: ba ta iya ganin yaga a jikin tufa ta kau da kai. Ta taɓa tsayar da wani mutum da ba ta sani ba a tashar mota, ta zaro allura daga ɗankwalinta ta kama masa aljihun riga yana tsaye yana ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifi.

A kan kekenta, inda sauran teloli ke manna hoton ɗinkin yayi, ita takarda take mannawa da salatif, cike da wasu baƙaƙe masu kusurwa da ɗige-ɗige a ƙarƙashinsu. Ibrananci ne, yaren tsoffin nassosin Yahudawa, daga dama ake karanta shi zuwa hagu. Wata rana kuma ka ga Girkanci, na nassosin Kirista. Ƙafarta tana kan feda, hannunta yana tura yadi, bakinta yana bin layi. In ta zo wurin da ya yi mata tauri sai keken ya rage gudu, in ta tsallake sai ya zabura. Ni daga ƙarar keken kaɗai nake gane ko karatun ranar ya zauna. Wata mata ta taɓa kawo mana kayan auren 'yarta, ta tsaya ta kasa kunne, sannan ta jawo ni gefe.

“Baiwar Allah, me take tofa wa kayan nan ne?”

Na ce, “Ba tofi ba ne Hajiya, digiri na biyu ne.”

Ta ce, “Ko na nawa ne, ni dai kada ya shiga rigar amarya.”

Keken nan na mahaifiyarmu ne, wadda muke kira Iya. Yaya tana ajin ƙarshe a sakandare ciwo ya kama Iya, bai kuma ɗauki lokaci ba. A asibiti, cikin gaggawar ceton rai, ma'aikata suka tsarge rigar da ke jikinta daga wuya har ƙasa don su sa mata na'ura. Bayan an gama komai aka miƙo mana kayanta a cikin leda. Ina ƙarama, amma na tuna mutane suna raɗa cewa babbar 'yar ko hawaye ba ta yi ba. Ba ta yi ɗin ba. Ta ninke rigar yadda take, ta sa ta a durowar ƙasa ta keken, ta ja kujera ta zauna, ta fara taka feda. Da fedar nan ta ciyar da mu, ta tura mu makaranta, ita ba ta koma ba. Kuma matar da ke tare baƙo a tasha saboda aljihu, shekara kusan arba'in ba ta taɓa sa wa rigar nan allura ba. Babu wanda ya taɓa tambayarta dalili, har ni mai baki.

Ta auri wani direban bas, mutum mai sanyin hali da son barcin rana, wanda har yau da ya bar aiki kowa Direba yake ce masa. Da 'ya'yanta suka kama gabansu sai ta shiga karatun yamma, tana ja tana hutawa har ta samu digirin farko a nazarin addinai. Muka yi murna, muka ɗauki hoto, muka ce to alhamdu lillahi, ta huce haushinta. Ashe ko farawa ba ta yi ba.

Wata Lahadi ana karatu a coci aka zo inda wani mutum ya ji mugun labari ya yayyage tufafinsa don baƙin ciki. Sai na ji an zungure ni da gwiwar hannu.

“Almakashi,” in ji Yaya a kunnena, “wa ya ɗinke masa?”

Na ƙyalƙyale da dariya har na gaba suka waigo. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce ta lura wuraren suna da yawa, sarki ya yaga, uba ya yaga, manzo ya yaga, amma ba ta taɓa jin an ce ga wadda ta ɗauki allura ba. Da tambayar nan ta tafi jami'a, wurin wata malama doguwa siririya da ɗalibai ke kira Mai Jan Biro, don babu takardar da ke fita daga hannunta ba ta yi jina-jina ba. Malamar ta saurare ta har ƙarshe, ta ce tambaya ce mai kyau, amma ba a amsa ta sai mutum ya iya karanta nassosin da yarensu, ya kuma bi abin da malaman dā suka rubuta a kansu. Ta ce, “Kin shirya wahala?” Yaya ta ce ita da wahala sun daɗe da sabawa.

Haka aka fara manna takardu a kan keke. 'Yan ajinsu duk sa'o'in 'ya'yanta ne, Mama suke ce mata, kuma kafin zangon farko ya ƙare babu wanda bai kawo mata wandonsa ba. Ta ci darussa ɗaya bayan ɗaya. Ta rubuta kundin bincikenta, Mai Jan Biro ta yi masa wanka da jan biro, ta sake rubutawa. Abin da ya rage shi ne jarrabawar baki: a zaunar da ita gaban malamai, a buɗe mata nassi ta karanta ta fassara nan take, sannan ta kare abin da ta rubuta. Dokar makarantar kuwa sau biyu ake shiga. Wanda ya faɗi na biyun ya tattara nasa ya nasa.

A nan ne ƙauna ta kusa kashe mana aiki. Babban ɗan Yaya, wanda muke kira Injiniya, ya zo shago wata rana ya tarar da uwarsa tana karatu, mai gyaran waya ya ƙure rediyo, wata mata kuma tana masifa a kan hannun riga. Ransa ya ɓaci. Yaron kirki ne, ba ya iya ganin uwarsa cikin takura.

Ya ce, “Anti, wannan ai abin kunya ne a gare mu. Mace tana shirin babbar jarrabawa, muna barin ta a cikin wannan hayaniyar?”

Na ce gaskiyarsa. Kowa ma ya ce gaskiyarsa. Ya kwashe tarkacen ɗakin baya na gidansu, ya yi fenti, ya sa tebur mai sheƙi da kujera mai juyawa da fitilar karatu, ya shimfiɗa kafet mai kauri don ko takun mutum kada a ji. Ni da hannuna na ɗinka labulen, mai nauyi, ninki biyu. Na karɓe duk ɗinkin da ke hannunta. Keken Iya kuma aka ɗauko shi daga shago aka kai shi lungun falon gidansu aka lulluɓe da zane, aka ɗora masa tukunyar fure. Jikoki aka hana su gudu. Direba aka hana shi tari.

Yaya ta tsaya a ƙofar ɗakin ta daɗe tana kallo. Ta ga ɗanta yana ta murna yana nuna mata yadda kujerar ke hawa da sauka, sai ta ce, “Allah ya yi maka albarka.” Ta shiga ta zauna. In na leƙa sai in gan ta tsaf, hannuwa a kan tebur, littafi a buɗe, shiru kamar mai jiran likita. Ina cewa a raina, ka ga karatun manya.

Ranar jarrabawar na raka ta, na zauna a benci a baranda. Ba a daɗe ba ta fito. Ban tambaya ba, don fuskarta ta gama ba ni amsa. A cikin bas ta ce, “Na ga baƙaƙen, Almakashi. Na san su kamar yadda na san 'ya'yana. Na buɗe baki, babu abin da ya fito.” Can kuma ta ce, “Tsufa ne. Kan ya ƙare.” Na ji zafin maganar nan sosai.

Ta sa littattafan a kwali ta tura ƙarƙashin gado. Shago ma ta ƙi dawowa, wai idonta ya gaji. Injiniya ya ɗauka ɗakin ne bai kai shiru ba, har ya fara maganar canza taga. Lokacin shiga na biyu yana matsowa, in an yi mata maganar sai ta ce a bar ta ta huta haka nan, ba za ta je ta sake jin kunya a gaban sa'o'in ƙannenta ba. Ta rame. Tef ɗin awo ma ta cire shi daga wuya, wuyan ya zama wani iri.

Sai ga Direba ya fara yagewa. Da fari wandonsa ne na zuwa coci, ya tsage a gwiwa. Ya kawo mata yana sosa ƙeya, wai ƙusa ce a jikin ƙofa. Yaya ta ce ya kai wa Almakashi. Ya ce shi ɗinkin Almakashi yana sa masa ƙaiƙayi, ka ji sharri. Ya ajiye wandon a hannun kujera, yagar tana kallon ta, ya fita abinsa. Ta daure har la'asar. Daga nan ta sauke tukunyar fure, ta yaye zanen, ta zauna. Washegari rigarsa ce ta tsage a hammata. Bayan ita jamfa, bayan jamfa zanen gado, har da labulen da na ɗinka da hannuna. Ƙusar nan ta zagaye gidan kaf.

Ranar da na je na ga labulen sai na ɗaga shi a haske. Na samu Direba a tsakar gida yana gyangyaɗi a kujerarsa.

Na ce, “Direba, tun yaushe ƙusa ta fara yanka a miƙe?”

Ya buɗe ido ɗaya. “Ƙusoshin yanzu ai ba irin na dā ba ne.”

“Ƙusar da ta fara da almakashi sannan ta ƙarasa da hannu? Ka ji tsoron Allah.”

Ya ɗora yatsa a leɓe ya nuna mini tagar falo. Na kasa kunne. Keken yana tafiya, ƙiƙi-ƙaƙa, ƙiƙi-ƙaƙa, kuma a ƙarƙashin ƙarar ga muryar Yaya tana zubo Ibrananci layi bayan layi, babu takarda, babu littafi, babu tuntuɓe.

Ya ce, “Ni ban san komai a karatunta ba. Barcina nake nema. Tun da na auro ta da ƙarar keken nan nake barcin rana a bencin shagonku, da kuka rufe shi ko runtsawa ba na yi. Na yaga wandon don in samu barci, sai na ji har da karatun ya dawo. To shi ne na ci gaba.” Ya gyara zama. “Saura riga biyu gare ni, ƙanwata. Ku yi wani abu.”

Na shiga falo na tsaya a kanta. Da ta gan ni ta ɗaga ƙafa daga feda, karatun ya yanke nan take. Na ce ta ci gaba. Ta buɗe baki, shiru. Na ce to ta taka. Ta taka, sai ga shi ya dawo daga inda ya tsaya. Muka kalli juna. Ita kanta ba ta sani ba sai ranar. Duk abin da ta koya a kan feda ta koye shi, kalma tana tafiya da taku, mu kuma muka ɗauke ta muka dasa a kan kafet.

Na ce, “Yaya, ashe kanki lafiya lau. A ƙafa karatun yake.”

Ta yi dariya har ta cire tabarau duka biyun. Sannan dariyar ta tsaya, ta ce, “To ai ba a shiga jarrabawa da keken ɗinki.”

Ni na je wurin Mai Jan Biro, don Yaya ta ce kunya ba za ta bar ta ba. Na zayyana mata komai, har da wandon. Matar da ake cewa ba a taɓa ganin haƙorinta ba sai da ta kifa kai a kan tebur. Da ta ɗago ta jawo dokokin jarrabawa ta bi su da biro. Ta ce an hana littafi, an hana waya, an hana takarda, amma ba ta ga inda aka yi maganar ƙafa ba. Ta ce za ta sanar da sauran malaman tun kafin ranar, kuma kada mu ɗauka za a sassauta mata ko da kalma ɗaya.

Da Injiniya ya ji labari ya yi zaune ya riƙe kai. Ya ce, “Wato ni na kayar da Mama.” Yaya ta ce ya rufe mata baki, ɗakin ya yi kyau, baƙi za su ji daɗinsa. Shi ne ya kwance fedar daga jikin keken, ya yi mata ɗan gindi na katako yadda za ta riƙa lilo a ƙasa ita kaɗai, ta kuma shiga jaka. Da yake injiniya ne, sai da ya zuba mata mai har ta daina ƙara, ya kawo yana alfahari. Yaya ta taka, ta saurara, ta ce, “Ina kukan?” Haka yaron nan ya koma ya wuni yana goge man da fetur har ƙiƙi-ƙaƙa ta dawo.

A karo na biyun an yarda 'yan uwa su zauna a baya. Ɗaki ne mai dogon tebur da fanka mai lilo, malamai uku a jere, ɗaya baƙo ne daga wata jami'a, tsoho mai farin gemu. Yaya ta gaishe su, ta durƙusa ta ajiye fedar a ƙarƙashin tebur, ta cire takalmin dama. Aka tura mata nassi a buɗe. Ta ƙura masa ido. Direba ya damƙe hannun kujera. Sai muka ji ƙiƙi, sannan ƙaƙa, sannan muryarta.

Ba zan ce ba ta yi kuskure ba. Sau biyu fedar ta rage gudu, sau ɗaya Mai Jan Biro ta tsayar da ita ta ce ta sake duba wata kalma, ta duba ta gyara. Suka juya ta ta ko'ina, tana amsa wasu, wasu ta ce ba ta sani ba. Daga ƙarshe tsohon mai gemu ya rufe kundin ya ce, “To Mama, bayan duk wannan wahala, wa ya ɗinke musu?”

Fedar ta tsaya. Na ce a raina shi ke nan. Amma wannan amsar ba ta bukaci taku ba.

Ta ce, “Ranka ya daɗe, ban samu sunanta ba. Nassosin sun riƙe sunan wanda ya yaga, ba su riƙe na wadda ta ɗinka ba. Amma akwai ta, tunda malaman Yahudawa na dā sun zauna sun yi magana a kan yaushe za a ɗinke yagar makoki, da irin ɗinkin da za a yi. Sun ce ta sauran dangi, in lokaci ya yi, ana iya ɗinke ta sosai. Ta uwa ko uba kuwa, sai dai a kama bakinta da manyan taku don rigar ta sawu, amma ba a ɗinke ta har ta ɓace. Da na karanta wurin nan na ce, waɗannan mutanen sun san abin da suke faɗa.”

Aka ce mu fita, aka kira mu, aka ce ta ci, da gyare-gyaren da Mai Jan Biro ta riga ta jera da jan biro. Direba ya rungume Injiniya har ya ƙarasa yaga hammatar rigarsa ta ƙarshe, wannan karon ba da gangan ba.

Da muka koma gida jikoki suna ta tsalle, maƙwabta suna shigowa barka. Yaya ta ce a fara mayar mata da fedarta tukuna. Da Injiniya ya gama ɗaurawa ta sallami kowa, ta ce in tsaya. Ta durƙusa ta jawo durowar ƙasa. Rigar tana nan yadda aka ninke ta, launin ya koɗe a kan ninkin. Ta shimfiɗa ta a cinyarmu mu biyu, ta zura zare a allura biyu, ta miƙo mini ɗaya.

Ta ce, “Ke fara daga ƙasa, ni daga wuya. Manyan taku, Almakashi. Kada ki yi mini gwaninta.”

Muka fara. Ban kai ko'ina ba na ga ɗigo ya faɗo a kan yadin, wani ya biyo shi. Yaya tana kuka, irin kukan yarinya 'yar sakandare, kafaɗunta suna rawa, allurar kuma ba ta tsaya ba. Ni ma na sa nawa. A tsakiyar ƙirjin rigar allurarmu ta haɗu, ta ƙulle zaren ta cije shi da haƙori. Ta ɗaga rigar a hasken taga, yagar tana nan ana ganin ta tun daga wuya har ƙasa, sai dai yanzu bakinta a haɗe yake.

Ta share ido da bakin ɗankwali, ta laluba kan keken ta ce, “Ina tabarauna?” Na sauko mata da shi daga goshi zuwa kan hanci. Ta ce in leƙa in ce wa mutumin nan ya kawo rigarsa.